Gida Da Kasuwa: Kafin A Buɗe Bokitin Fenti, A Wanke Bango

  

Duk shekara idan azumi ya gabato, ko an sa ranar bikin yarinya, ko Hajiya za ta dawo daga Makka, sai kuɗi su kama hanyar gida da saƙo guda: a yi wa gida fenti. A sayo bokitai, mai fenti ya zo ya shafe katanga cikin kwana biyu, a ɗauki hoto a turo ta WhatsApp. Gida ya yi fes, kowa ya yi murna. Damina ɗaya tak, sai ka ga fentin ya yi bororo, yana ɓamɓarowa kamar ɓawon rogo. Daga nan magana ta tashi. Wanda ya aiko da kuɗi ya ce an sayo jabu, ƙanin da aka ba amana ya ce an zarge shi da cin kuɗi, uwargida ta shiga tsakani. Na san 'yan uwa biyu ciki ɗaya da suka shekara ba sa gaisawa a kan wannan, alhali fentin da aka saya na kirki ne, kuma ba wanda ya ci ko sisi. Bangon ne ba a wanke ba.

Abin da nake so mu riƙe yau shi ne, fenti yana kama abin da ya fara taɓawa ne. Idan siminti ya taɓa, ya kama siminti. Idan ƙura ya tarar, ƙurar zai kama, kuma ranar da ta saki bango tare za su faɗo. Ko uwargida ba ta shafa hoda a fuskar da ba ta wanke ba. Javel da omo da buroshi da ruwa, duk kuɗinsu ba abin a zo a gani ba ne idan aka ajiye su gefen kuɗin fenti, amma su ne ke sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Bango yana faɗin abin da ke damunsa

Kafin a sayi komai, a zagaya gidan da rana tsaka a yi gwaji huɗu. Ko yaro zai iya yin su.

Na farko, goga tafin hannunka a jikin bangon. Idan ya fito fari kamar ka taɓa alli, tsohon fentin ya mutu ke nan, rana ta cinye abin da ke riƙe shi, ya zama gari. Sabon fenti ba zai zauna a kan wannan garin ba sai an wanke shi.

Na biyu, manna salatif, ka danna sosai, ka fizge. Idan ya taho da ɓawon fenti, wurin yana buƙatar kankara kafin wanki.

Na uku, ɗauki makulli ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ƙara kamar ta ƙwaryar da aka kife, shafen simintin ya rabu da bulo. Wannan aikin magini ne, a fasa wurin a sake shafe.

Na huɗu, duk inda ka ga baƙi-baƙi, ɗiga masa ɗan javel, wato ruwan farfaɗo da fararen kaya, wanda a Najeriya ake ce wa Hypo ko Jik, a Gana kuma Parazone. Idan baƙin ya kwashe cikin minti ɗaya zuwa biyu, fumfuna ce, abu ne mai rai. Idan bai motsa ba, datti ne kawai ko hayaƙi.

Dattin kudu daban, na arewa daban

Mu da muke yawo tsakanin ƙasashe mun fi kowa sanin cewa bangon Duwala da na Yamai ba ciwo ɗaya suke yi ba. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara yakan haura milimita 3,500, na Yamai kuwa a yawancin shekaru ba ya kai 600. Saboda haka shawarar da ɗan uwanka ya ba ka daga Maraɗi ba lallai ta yi maka aiki a Aboabo ba.

A kudu, wato Kumasi, Akara, Kwatano, Abijan, Duwala, abokin gabar shi ne laima. Gansakuka takan yi kore a gindin katanga da ƙarƙashin indararo, fumfuna ta yi baƙi a gefen da rana ba ta kai wa. Waɗannan abubuwa ne masu rai. Idan ka rufe su da fenti ba su mutu ba, ci gaba da girma za su yi a ƙarƙashi, bayan 'yan watanni su huda su fito. Sai an kashe su tukuna. Ga kuma waɗanda ke kusa da teku, iska na ɗebo gishiri tana zubawa a bango da ƙofofin ƙarfe. Gishirin nan yana jawo danshi, yana sa tsatsa. A irin wuraren nan a ɗauraye da ruwan famfo. Ruwan rijiyar da ke da zartsi ƙara gishirin zai yi.

A arewa, wato Yamai, Damagaram, Agadas, Garwa, Marwa, Injamena, Tamale, Kano, ƙura ce ke mulki. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda a da can tafki ne. Ƙurar nan ta fi garin alkama laushi, tana shiga kowane ɗan rami na shafe, balle bango mai ƙuraje irin wanda ake watsa wa siminti. Ido ba ya ganin yawanta sai ka zuba ruwa ka ga jan ruwan da ke gangarowa.

Sai datti na uku, wanda ba ruwansa da kudu ko arewa, shi ne dattin sana'a. Bangon da ke bayan tukubar mai tsire, ko inda ake suyar ƙosai, ko inda janareta ke fitar da hayaƙi, yana da maiƙo. Fenti mai ruwa ba ya zama a kan maiƙo, kuma baƙin hayaƙi yakan ratso sabon fenti ya fito rawaya-rawaya. Akwai tofin goro a bakin zaure, akwai gam ɗin takardun 'yan siyasa, akwai lungun da masu wucewa suka mayar wurin fitsari. Kowanne sai an cire shi da omo da ruwan ɗumi da buroshi.

Yadda aikin ke tafiya

A fara da gyaran abin da ke kawo ruwa. Indararon da ya fashe, kwanon da ke yoyo, famfon da ke ɗiga a jikin bango, ƙasar da aka tara ta rufe gindin katanga, duk a gyara su. Idan ba haka ba, wanki da fenti duk ɓarnar kuɗi ne.

Sannan a kashe wuta daga mita, a rufe kwan fitilar waje da soket da leda. Ruwa da lantarki ba sa shiri. A rufe tagogi, a kawar da randa da tukwane, a ɗaure awaki nesa, a kulle kaji. A kuma shiga maƙwabta a yi sallama a ce, "Hajiya, gobe za mu wanke katanga, a ja wa yara kunne kada su yi wasa a kwata." A zango lungu ɗaya ne, kwata ɗaya ce, ruwan javel ɗinka ƙofar wani zai bi.

Aikin farko a bushe ake yin sa. Tsintsiyar kwakwa ko buroshi mai dogon mariƙi, daga sama zuwa ƙasa: yanar gizo, gidan zanzaro, hanyar gara, ƙura. Idan aka fara zuba ruwa kafin shara, ƙurar taɓo za ta zama ta liƙe. Idan an ga gara, a bi hanyarta har inda ta fito, domin share ta a bango kaɗai ba ya korar ta. Bayan shara a kankare duk fentin da ya saki, a goge bakin wurin da sanfefa don kada shatin ya fito a ƙarƙashin sabon fenti.

Sai kashe gansakuka da fumfuna. Kofi ɗaya na javel na ruwa, irin na wanki, a kofi uku na ruwa. A shafa da buroshi, a bar shi kamar minti 15, kada a bari ya bushe a jikin bangon, a dirje, a ɗauraye. Inda kore ya yi kauri a maimaita. A nan zan ja kunne da babbar murya: javel da ruwa kawai ake haɗawa. Kada a zuba masa ruwan wanke masai mai asid, kada a zuba ruwan batir, kada a zuba wani sinadari don wai ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iskar guba da ke ƙona huhu. Mai aikin ya sa safar roba, ya kare idonsa, ya sa tsohuwar riga.

Sauran bangon kuwa omo da ruwa sun isa. A shafa kumfar daga ƙasa zuwa sama don kada ruwan datti ya zana layi a busasshen bango, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Ɗauraya ita ce inda aka fi yin ha'inci. Omon da ya bushe a bango shi ma datti ne, fenti ba ya kama shi. A ci gaba da zuba ruwa har sai wanda ke gangarowa ya fito garau, ba kumfa, ba santsi.

Yanzu samari masu injin wankin mota suna zuwa har gida, kuma injin yana rage wahala ƙwarai a babban gida. Amma ƙarfinsa yana iya cinye shafen da ba shi da isasshen siminti, yana kuma tura ruwa cikin tsaga da gefen taga. A buɗe bakin ya yi faɗi, a tsaya kamar rabin mita daga bango, a fara gwadawa a bayan gida. Inji kuma ba ya kashe fumfuna, kore samanta kawai yake yi. Sai an sa javel ɗin dai.

Bayan wanki ne tsagogi ke fitowa fili. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma ta nan yake shiga. Ƙananan a buɗe su kaɗan, a share, a cike. Tsagar da yatsa zai shiga, ko wadda ta bi bulo kamar matakala, ko wadda ke ƙara faɗi duk shekara, a kira magini ya duba tushen gini. Ƙofar ƙarfe da tagogi kuma a goge tsatsar da buroshin ƙarfe, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa a ranar, kafin raɓa ta sauka.

Daga nan sai jira. A arewa lokacin rani kwana ɗaya zuwa biyu sun isa. A kudu a ba shi kwana biyu zuwa uku na rana, fiye da haka idan hadari ya rufe. Ga gwaji mai sauƙi: yanko farar leda kamar rabin mita, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe da yamma, a duba da safe. Idan cikinta ya yi gumi, ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba. Fentin da aka shafa a kan danshi shi ne ke yin bororo idan rana ta buga. A lokacin hazo kuma kada jiran ya wuce kima, don ƙura na dawowa. Ranar fenti da safe a sake bin bangon da busasshen buroshi.

Inda ruwa ba magani ba ne

Akwai farin abu kamar kanwa da ke fitowa a gindin katanga, daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Gishiri ne da danshi ya ɗauko daga ƙasa ko daga cikin bulo, ruwan ya bushe ya bar shi a waje. Idan ka wanke shi da ruwa narkewa zai yi ya koma ciki, bayan mako ya sake fitowa. A goge shi a bushe da buroshi mai tauri, a kwashe garin a zubar nesa, a jira kwanaki a gani. Idan ya dawo, har yanzu ruwa na hawa, sai a nemi inda yake fitowa: kwata ce ke bin gindin bango, ko masai ne ke yoyo, ko ruwan sama ne ke kwanciya. Daɓen siminti mai gangara a gindin katanga yakan rage matsalar sosai.

Sabon shafen siminti shi ma haƙuri yake so. A ba shi aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa shi, domin ɗanyen siminti yana da kaifi irin na toka, yana ƙona launi. Wannan ya shafi har facin da aka yi a tsohon bango. Bayan ya bushe a sa shafin farko, wanda masu fenti ke kira firaima. Haka bangon da aka wanke amma har yanzu yana ba da ɗan gari a hannu, shi ma firaima yake so.

Gidan da aka saba shafa wa farar ƙasa, sai an kankare ta kafin a koma fentin kanti, don ita kanta gari ce. Ginin ƙasa kuwa, irin na tsohon garin Damagaram da Agadas da ƙauyukanmu, ba a wanke shi da ruwa sam. Shara ce da tsintsiya, a cike inda ya zaizaye, a sake yaɓe. Kakanninmu da suke haɗa yaɓe da makuba sun san bangon ƙasa yana buƙatar ya fitar da danshinsa. Idan aka rufe shi da fenti mai mai, danshin zai taru a ciki ya ci ƙasar ta baya.

Yara da tsohon fenti

Wannan ɓangaren na iyaye mata ne musamman. Tsohon fenti mai mai, irin mai ƙyallin nan na ƙofofi da tagogi da gindin bango, yana iya ƙunsar dalma, musamman ja da rawaya da kore. Duk mun tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Waccan daga dutsen zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. Kamaru ta kafa doka a 2017 da ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan, amma doka ba ta cire wanda ya riga ya hau bango shekaru da suka wuce.

Don haka idan za a kankare irin wannan fenti, a jiƙa wurin tukuna don kada ƙura ta tashi. Kada a ƙona shi da wuta. A shimfiɗa leda a ƙasa, a tattara ɓawon a ƙulle a zubar inda yara da kaji ba za su kai ba. Yara da mai juna biyu su bar wurin har a gama a wanke ƙasa. Mai aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci, kayan aikinsa kuma a wanke su daban da na yara.

Tsani ma yana da ƙa'ida. Idan inda ya jingina ya kai mita huɗu, gindinsa ya nisanci bango da mita ɗaya, a kan busasshiyar ƙasa, wani ya riƙe. A ɗaga kai a duba wayar wuta kafin a ɗaga tsanin ƙarfe.

Ga mai aiko da kuɗi daga nesa

Alhaji, kai da kake Nima ko Briketeri kana gyara gida a Sakkwato ko Tawa, hoton gidan da aka gama fenti ba ya gaya maka komai. Kowane fenti kyakkyawa ne a ranar farko, har wanda aka shafa a kan ƙura. Hoton da ya kamata ka nema shi ne na bangon da aka wanke, kafin fenti.

Mai fenti da aka yi jinga da shi a kan kuɗi dunƙule, ribarsa tana cikin sauri. Ba mugunta ba ce, lissafi ne irin wanda mu ma muke yi a kasuwa. Kwana uku na wanki da jira ba wanda ya biya shi, don haka zai ce, "Alhaji, ai fentin nan mai kauri ne, zai rufe komai." Zai rufe kam, na wata shida. Maganin shi ne a raba cinikin gida biyu tun farko: kuɗin shara da kankara da wanki da cike tsaga daban, kuɗin shafa daban. Ka biya na farkon da kyau, domin araha ba ta ado. Kada ma a sayo fentin sai an gama kashin farko, don bokiti idan yana ajiye a zaure hannu ba ya haƙuri.

Ka nemi ɗan bidiyo guda uku: hannun ƙaninka yana goga bangon ya nuna tafinsa, ledar da aka manna da yamma an buɗe ta da safe, da gindin katanga ta bayan gida, inda baƙo ba ya zuwa. Ka faɗi wannan tun ranar da za ka aika kuɗi, a gaban kowa, don kada wanda ka ba amana ya ɗauka zarginsa kake yi. Ka ce masa, "Ƙanena, mai fentin nake so ya san ana kallo." Shi ma ka sauƙaƙa masa, don ya sami abin da zai tsare mai aiki da shi.

Ka kuma ƙirga kwanaki. Shara da kankara kwana ɗaya ko biyu, wanki kwana ɗaya, bushewa biyu zuwa uku, idan akwai facin siminti ƙara mako huɗu. Wanda ya tashi ana saura kwana biyar Sallah ya makara. Gara ya wanke bangon kawai ya bar fenti sai bayan Sallah, kuma zai yi mamakin yadda wanki kaɗai ke fito da gida. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin Maris, daidai ƙarshen hazo a arewa da farkon ruwa a kudu. Na Duwala da Kumasi su yi aikinsu tsakanin Disamba da Fabrairu. Na arewa kuma lokacin da na fi so shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙura ta sauko, in dai bangon ya bushe.

Masu zama a gidan haya ko shagon haya, a nemi yardar mai gida kafin a taɓa bangonsa, a kuma rubuta a takarda wa zai biya me. Sau da yawa danshin da ke ɓata fenti daga rufi yake, kuma rufi nasa ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare hanya, a gaida mutan gida.